Kalankuwa da Rawar Gwamnati: Tarihin Bukukuwan Rawa a Karkarar Arewacin Kano

Makasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wani al'amari wanda marubuta tarihin Kano ba su cika waiwayarsa ba, watau yadda samari da 'yanmata na karkarar arewacin birni suke shirya bukukuwansu na kiɗa da rawa, da yadda suke koyon rawar kanta, da kuma abin da ya sami wannan shiri tun daga lokacin da Gwamnati ta sa hannu cikin harkar wasannin gargajiya. Galibin abin da aka rubuta a kan Kano tarihin sarakuna ne da na malamai da na fatake. To, amma mutanen da suka noma hatsin da ya ciyar da waɗannan rukunoni uku suna da nasu tsarin taro, kuma mafi girman taron da samarin ƙauye suke da iko da shi, daga farkonsa har ƙarshensa, shi ne wanda ake kira kalankuwa.

Ƙasar da mutanenta

Kafin a fahimci bukin, lalle ne a fahimci ƙasar. Idan aka fita birnin Kano ta arewa, aka bi ta Ungogo da Minjibir da Gezawa, ko kuwa aka karkata ta Dawakin Tofa da Bichi har zuwa Dambatta, da wuya a ga daji. Gona ce ke bin gona, ga itatuwan gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya tsaitsaye a cikinsu, ga gidaje a warwatse. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga baya kuma a Jami'ar Bayero, shi ne ya yi fice wajen nazarin wannan yanki tun farkon shekarun 1960. Ya shata iyakarsa da wuraren da yawan jama'a ya wuce mutum 350 a kowane murabba'in mil, watau kimanin 135 a murabba'in kilomita. A nan ba a barin gona ta huta. Shekara da shekaru ana shuka gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, abin da ke riƙe da ƙarfin ƙasar kuwa shi ne takin dabbobi da sharar birni wadda jakuna suke kwasowa da rani.

Wannan cunkoso ya haifar da abubuwa biyu da suka shafi maganar rawa. Na farko, ƙauyuka suna kusa da juna ƙwarai, har saurayi yana iya tashi bayan la'asar ya je garin maƙwabta da ƙafa, ya yi kallo, ya komo gida kafin dare ya raba. Saboda haka gayyata ba ta da wuya, gasa tsakanin gari da gari kuwa ta zama abin yau da kullum. Na biyu, ƙarancin gona ya sa samari suna daɗewa cikin gandun ubanninsu. Saurayi yakan yi aikin gandu da safe, ya juya gayaunarsa da yamma, kuma ba ya ganin kuɗin kansa sai da kaka, lokacin da ya sayar da ɗan abin da gayaunar ta ba shi. Damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba. Da an yanke gero, an tuge gyaɗa, an kai dawa rumbu, sai ga ƙarfi, ga lokaci, ga 'yan kuɗi a aljihu, duk sun haɗu cikin makonni kaɗan kafin a watse cin rani. Cikin wannan ɗan tsakani kalankuwa take faɗowa.

Dandali

Ba a buɗe wa kowa makarantar rawa a ƙauye ba, amma kowa ya koya. Wurin koyon shi ne dandali. Da farin wata, bayan an ci tuwon dare, 'yanmata sukan taru su yi gaɗa, suna tafi suna waƙa, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, ƙanana suna gefe suna kwaikwayo har ranar da za a ja su cikin da'ira. Ranar kasuwa kuma, idan an gama talla, mai kalangu yakan kafa kiɗa, 'yanmata su yi layi su yi rawa irin su asauwara, samari suna liƙi. Su samarin nasu wasan ya fi ƙarfi: ga takai, wadda ake yi a zagaye kowa da sandarsa, ana juyawa ana haɗa sanda da na gaba da na baya daidai da bugun ganga, ga kuma langa da kokawa. Takai ba ta yafe kuskure. Wanda ya makara da juyi, sandar abokinsa ce za ta koya masa a yatsu, shi ya sa ake daɗewa ana gwaji kafin a fita gaban baƙi.

Makaɗa su kaɗai ne ke da koyo na tsari, domin sana'arsu ta gado ce. Yaro yakan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma ƙaramar ganga mai riƙe amo, sa'an nan a hankali ya san taken kowane saurayi da kirarin kowace budurwa a garuruwan da suke zagayawa. Makaɗi nagari kundin sunaye ne mai tafiya da ƙafa. Abin lura a nan shi ne, jama'ar da ba ta iya yin buki sai da makaɗi ita ce kuma take ajiye shi can ƙasa a jerin daraja, tare da maroƙa. Wannan raini zai sake ɓullowa a gaba.

Yadda ake shirya kalankuwa

Tsarin yakan bambanta daga gari zuwa gari, amma ginshiƙansa ɗaya ne. Akwai Sarkin Samari, wanda samari suke zaɓa dagaci ko mai unguwa ya amince da shi. 'Yanmata ma suna da tasu shugaba, wani wuri a ce Sarauniya, wani wuri a ce Mama. Aikin Sarkin Samari ba da kaka yake farawa ba. Tun da damina shi ne mai tara samari idan wani magidanci ya kira gayya, a fita da gangar noma a gama masa gona cikin yini guda, kuma abin da aka samu daga irin wannan aiki, da karo-karon da ake yi, su ne jarin buki. Idan kaka ta yi kyau, sai ya tafi gaban dagaci da goro ya nemi izini, a tsai da rana wadda ba ta ci karo da azumi ba, ba ta kuma ci karo da ranar da wani gari na kusa ya riga ya sa ba.

Daga nan sai rabon goron gayyata. Akan aika wa Sarkin Samarin kowane gari da nasa, shi kuma ya rarraba wa mutanensa. Karɓar goron nan alkawari ne. Garin da aka gayyata zai zo da samarinsa da 'yanmatansa da makaɗansa da gudummawarsa, kuma masu buki za su riƙe lissafin abin da kowa ya kawo, domin ranar da nasu bukin ya zo dole a rama, a kuma ɗora wani abu a kai. Wannan ita ce ƙa'idar biki wadda matan Hausawa suka daɗe suna bi a tsakaninsu wajen aure da suna, samari suka ɗauke ta suka mai da ita tsakanin gari da gari. Garin da ya ci bai rama ba, labarinsa zai riga shi zuwa kasuwa.

Sa'an nan ga maganar masauki da abinci. Baƙi sukan kwana, domin bukin yana ɗaukar kwanaki, wani wuri har mako. Dole a san zauren da kowace tawaga za ta sauka, da gidajen da za su tuƙa tuwo, da wanda zai kawo ruwa da itace, da wanda zai share fage ya kafa rumfa. Ana yin wannan duka ba takarda, ba ofis, ba kasafin kuɗi daga sama, kuma masu yinsa yawancinsu ba su kai shekara ashirin da biyar ba.

Amma abin da ya bambanta kalankuwa da sauran wasanni shi ne sarautun da ake naɗawa. Cikin kwanakin bukin samari sukan kafa hukuma tasu sukutum: ga Sarki, ga Waziri, ga Galadima da Madaki, ga Alƙali, ga Ma'aji, ga dogarai. Da Turawa suka zo, sai sarautun suka ƙaru da Gwamna da Razdan da Di'o da Likita da 'yan doka, wani ya samo tsohuwar malafa, wani ya rataya gajeren wando, ana gwaranci da sunan Turanci. Alƙalin wasa yana zama da gaske. Wanda ya ta da faɗa a fage, ko ya yi wa baƙo rashin kunya, ko ya tsallaka layin 'yanmata, sai dogarai su kamo shi a ci shi tarar anini ko kwabo, kuɗin su shiga asusun buki. Wani lokaci laifin ma na ƙage ne, don a yi dariya a kuma sami kuɗi. Wannan ne ya sa masana adabin Hausa, irin su Ibrahim Yaro Yahaya, suka lissafa kalankuwa cikin wasannin kwaikwayo na gargajiya, tare da wasan gauta da tashe.

Lissafin nan daidai ne, amma bai ƙare zancen ba. Wanda ya ɗauki abin a kan kwaikwayo kawai ya manta cewa hukumar wasan ce take tsare zaman lafiyar taron ɗaruruwan matasa baƙin juna, kwana da kwanaki, ba tare da ɗan doka na gaske ko ɗaya ba. Kuma ɗan talakan da ya sa rawani ya yi Sarki na mako guda, ya ci mutane tara a kan laifin da ba su yi ba, jama'a suna dariya, lalle yana faɗin wani abu game da masu rawanin gaske wanda ba shi da halin faɗinsa a wata rana. Dattawa sun san haka, dagatai ma sun sani, suka kuwa bari.

Da rana akan yi kokawa da dambe, da yamma zuwa dare a yi kiɗa da rawa, kowane gari ya shiga fage da nasa makaɗa. Namiji ba ya riƙe mace a rawar. Maza da layinsu, mata da nasu, sai dai ido da liƙi da kirarin da makaɗi yake kaiwa da komowa. Duk da haka kowa ya san cewa babbar ribar taron ita ce aure. A nan ake ganin juna, a nan ake fara zance, da yawa daga auren da ake ɗaurawa da rani kuwa a fagen kalankuwa aka ƙulla su.

Daga Dala zuwa zamanin gyaɗa

Wasu sukan so su ja asalin bukin har zuwa zamanin Barbushe, domin littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara cikin 1908, ya ba da labarin yadda mutane suke taruwa daga kowace kusurwa a gindin Dala a ranakun da aka keɓe don bautar Tsumburbura. Gaskiya ne Maguzawa, waɗanda Joseph Greenberg ya yi nazarinsu a ƙasar Kano cikin 1938 da 1939, suna da bukukuwan da suka danganci shuka da girbi. Amma kalankuwa kamar yadda aka san ta ba ta da yanka, ba ta da tsafi, kuma sarautunta na fadar Musulmi ne. Siffarta ta fi nuna ƙauyen da ya daɗe yana ganin sarki da alƙali da mai karɓar haraji.

Jihadi ya zo da ƙa'ida mai tsanani. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin halayen sarakunan da ya yi wa tawaye, ya kuma yi suka ga cuɗanyar maza da mata, ko da yake a rubuce-rubucensa na baya ya sassauta a kan wasu nau'o'in kiɗa. A arewacin Kano ɗin nan ne, a Ɗan Yaya, aka karya rundunar Sarki Alwali cikin 1807. To, amma hukuncin littafi daban, abin da hukuma take iya tilastawa a kowace unguwa daban. Fadar Kano kanta ta ci gaba da tambari da kakaki da algaita, ƙauye kuma ya ci gaba da kalangu. Sulhun da aka zauna a kansa fiye da shekara ɗari shi ne, rawa ta yara ce da marasa aure. Da mace ta shiga ɗaki, da namiji ya zama magidanci, sai su koma 'yan kallo ko su ƙaurace.

Turawa sun ci Kano cikin Fabrairu 1903. Ba da daɗewa ba aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, Madaki a Dawakin Tofa, Sarkin Bai a Dambatta, watau sarautar da ɗan ƙauye yake jin labarinta daga nesa ta zo ƙofar gidansa, ya sami abin kwaikwayo a kusa. Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, daga kakar 1912 kuma cinikin gyaɗa ya buɗe. Tun daga nan har zuwa farkon shekarun 1970 gyaɗa ce take sa kuɗi a hannun saurayi, ita ce take sayen atamfa da turare da keke da goro, ita ce kuma take biyan makaɗa. Ana iya cewa zamanin dalar gyaɗa shi ne zamanin da kalankuwa ta fi armashi. Sai dai haraji ma da kaka ake karɓarsa, saboda haka malamin haraji da mai kalangu aljihu ɗaya suke hari. A shekarun yunwa kuwa, kamar Kakalaba ta 1914 da 'Yar Gusau ta 1942, babu mai zancen fage. Bukin ma'aunin rumbu ne.

Siyasar jam'iyyu ta ƙara wani abu. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kiɗa da waƙa suka zama makamai, kowace jam'iyya da mawaƙanta. En'e ta tsananta neman izini kafin a yi taro ko kiɗa, kuma Sarkin Samari, da yake shi ne mai iya tara matasan gari da kira ɗaya, ya zama mutumin da kowane ɓangare yake so ya ja.

Gwamnati ta shiga fage

An ƙirƙiro Jihar Kano ranar 27 ga Mayu 1967, Audu Bako ya yi mulkinta har 1975. Bayan yaƙin basasa Gwamnatin Tarayya ta ga cewa wasannin gargajiya hanya ce ta ɗinke ƙasa, sai aka fara bukin nuna al'adu na ƙasa baki ɗaya cikin 1970, aka kafa Majalisar Fasaha da Al'adu ta Ƙasa cikin 1975, aka kuma yi FESTAC daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, yawancinsa a Ikko, hawan daba kuma a Kaduna. Kowace jiha tana bukatar tawagar da za ta wakilce ta. Ma'aikata suka shiga ƙauyuka suna tace 'yan rawa, daga gunduma zuwa yanki, daga yanki zuwa jiha.

Daga wannan yunƙuri ne rawar koroso ta Kano ta fito a farkon shekarun 1970. An harhaɗa ta ne daga taku da juyi na Fulani da na Hausawa, aka sa mata sarewa da ganguna da kayan kacau-kacau a ƙafa, aka kuma tsara ta bibbiyu, namiji da mace, da lanƙwasa jiki da ɗauke-ɗauke irin waɗanda dandalin ƙauye bai san su ba. A nan ne aka fara koyon rawa irin na makaranta a Kano: ga mai koyarwa, ga lokacin gwaji, ga tufafi iri ɗaya, ga mintocin da alƙalan gasa suka ƙayyade. Daga baya tawagar ta sami mazauni a Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, tsohon gidan Hanns Vischer. Ba abin rainawa ba ne. Koroso ta kai sunan Kano wurare masu nisa, ta ba makaɗa da 'yan rawa albashi da wani mutunci da ba su saba samu ba, kuma da aka fara finafinan bidiyo na Hausa, wanda Turmin Danya na 1990 yake cikin na farkonsu, kiɗan koroso ne aka fara jinginawa da shi kafin fiyano ya kore shi.

Amma a duba abin da aka ɗauko da abin da aka bari. An ɗauko taku da kiɗa da ado. An bar goron gayyata, da lissafin gudummawa, da masauki, da alƙalin wasa, watau an bar duk ɓangaren da matasa suke mulkin kansu. A ƙauye mai rawa da mai kallo da mai shiri mutum ɗaya ne a lokuta daban-daban. A filin wasa na Gwamnati kuwa mai shiri ma'aikaci ne, mai rawa ɗan kwangila, mai kallo babban baƙo a rumfa. Malaman sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello sun gwada wata hanya, suka fita da ɗalibansu zuwa ƙauyuka, kamar Wasan Manoma da aka yi a Soba cikin 1977, suka kuma shiga kalankuwar ƙauyen Bomo kusa da Samaru. Wannan ya fi kusa da ruhin abin, sai dai aikin jami'a ne mai iyaka.

Misalin tango

Akwai amfani a kwatanta da wata rawa ta nesa wadda ita ma ta taso daga ƙasa. Tango ta ɓullo ne wajen shekarun 1880 a unguwannin talakawa na Buenos Aires a Ajantina da Montevideo a Yurugwai, inda jikokin bayi 'yan Afirka da baƙin haure daga Italiya da Sifen suka cakuɗa. Manyan gari sun ƙyamace ta, domin namiji da mace suna rungumar juna. Da ta mamaye Paris cikin 1913, Sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya hana hafsoshinsa yin ta cikin kayan soja, shugabannin coci kuma suka yi tir da ita. Sai da Turai ta karɓa sa'an nan masu kuɗin Ajantina suka yarda tasu ce.

Ita ma tana da dandalinta, wanda ake kira milonga, da mai shirya shi, da ƙa'idodinsa, har da yadda namiji yake neman abokiyar rawa da ido daga nesa don kada a kunyata kowa. Samari sukan daɗe suna gwaji da junansu, maza zalla, kafin su isa shiga. Bayan 1955 abin ya ja baya ƙwarai, saboda takurawar gwamnatocin soja ga tarurruka da kuma shigowar kiɗan zamani. Abin da ya farfaɗo da ita wasan dandamali ne mai suna Tango Argentino, wanda aka fara nunawa a Paris cikin 1983. Waɗanda suka kalla suka ce su ma suna so su koya, sai aka koma neman tsofaffin 'yan milonga, aka mai da su malamai. Daga nan tarurrukan bita da bukukuwan tango suka bazu a duniya, yawancinsu kuwa masu rawar ne da kansu suke shiryawa da kuɗin aljihunsu. Birnin Buenos Aires ya fara gasar duniya cikin 2003, UNESCO kuma ta sa tango cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam cikin 2009.

Ba ana nufin rawar runguma ta dace da Minjibir ba; ba ta dace ba, kuma babu mai neman haka. Abin dubawa shi ne, a can dandamali ya mai da mutane dandali, a Kano kuwa bai mayar ba. Koroso ta sami 'yan kallo, ba ta sami ɗalibai daga cikinsu ba, domin ɗan boko da ya tafa mata a filin wasa ba zai yarda a gan shi yana koyo wajen makaɗi ba. Da UNESCO ta waiwayi wannan yanki, bukin kamun kifi na Argungu ta ɗauka cikin 2016, da hawan sallar Kano cikin 2024, dukansu kuwa bukukuwa ne da sarakuna suke tsaye a kansu.

Ja da baya

Abubuwan da suka raunana kalankuwa sun zo ne a jere cikin shekaru kaɗan. Farin 1972 zuwa 1974 ya girgiza karkara, cutar da ta faɗa wa gyaɗa cikin 1975 ta karya amfanin da yake kawo kuɗi, arzikin man fetur kuma ya ja samari zuwa birni tun kafin a gama sussuka. Madatsun ruwa irin su Watari da Tomas da Jakara sun kawo noman rani, wanda alheri ne, amma ya cinye hutun da ake buki a cikinsa a garuruwan da ke kusa da su. Shirin ilmin firamare kyauta ya fara cikin Satumba 1976. Rediyo da kaset suka sa ana jin kiɗa ba sai an ciyar da makaɗi ba.

Sa'an nan ga wa'azi. Kullen matan aure ya riga ya game karkarar Kano, kamar yadda Polly Hill ta gani a gundumar Kumbotso cikin 1971 da 1972. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos cikin 1978, da yaɗuwar makarantun Islamiyya na dare, sai hankali ya koma kan 'yanmata da dandali, malaman ɗariƙa ma ba su tsaya kare shi ba. Adalci ne a faɗi cewa masu sukar suna da hujja. Al'adar tsarance, inda saurayi da budurwa suke kwana wuri ɗaya bisa amanar ba za a ƙetare iyaka ba, ba kullum amanar take tsayawa ba. Akwai almubazzaranci, akwai bashi, akwai faɗan gari da gari wanda alƙalin wasa yakan kasa kashewa. Iyaye da yawa sun ji daɗin rufe dandali. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano cikin 2000, aka kafa Hukumar Tace Finafinai cikin 2001 da Hukumar Hisba cikin 2003, hukuma ta tarar da aikin ya riga ya yi nisa a ƙauyuka.

Rawar kanta ba ta mutu ba, wuri ta sake. Ta koma cikin fim, da gidan buki inda mai na'ura ya maye gurbin mai kalangu, da wayar hannu. Dabarar shiri ma ba ta ɓace ba. Wanda ya ga yadda samarin ƙauyukan Gezawa ko Bichi suke haɗa gasar ƙwallon ƙafa da rani, da karo-karo, da takardar gayyata zuwa garuruwan maƙwabta, da neman izinin dagaci, da kwamitin ladabtarwa mai cin tara, zai gane tsohon gini ne aka sake wa rufi. Bambancin da ke akwai shi ne babu 'yanmata a cikinsa, kuma babu mai sa rawani ya kwaikwayi hakimi.

Takardun gundumomi da ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna sun ƙididdige masu biyan haraji da jakuna da rijiyoyi da karofi, domin abin da mai mulki yake bukata ke nan. Lissafin wane gari ya gayyaci wane, da abin da aka kai, da wanda ya yi Razdan a wace shekara, a ka aka riƙe shi. Waɗanda suka yi Sarkin Samari a shekarun ƙarshe na gyaɗa, daga 1960 zuwa 1972, yau sun haura shekara saba'in da biyar, wasunsu kuma suna nan a zaurukan Dawakin Tofa da Minjibir da Dambatta, tafiyar da ba ta wuce sa'a guda ko biyu ba daga ƙofar Jami'ar Bayero.